Watan da Aka Yi Kiwona a Nahuce

Sau ɗaya tak na taɓa shan taba a rayuwata, kuma ba don gayu na sha ba. Ciwo nake nema. Na kutsa gonar dawa da ke bayan gidanmu a Nahuce, na kunna karan sigari biyu lokaci guda don aikin ya yi sauri, na zuƙa iya ƙarfina, ina addu'ar zuciyata ta lalace kafin ranar Talata. Abin da na samu shi ne amai da jiri da ƙunar leɓe. Shekaruna goma sha huɗu a lokacin, kuma na yi imani har ga Allah cewa mutanen gidanmu sun gama shirin cire mini zuciya su sa wa yayana.

Kada a yi saurin ce mini mahaukaci. Ina da hujjoji.

Ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba lokacin da ciwon Yaya ya tsananta. Shekara biyar ya ba ni, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne yaron da ake ba da misali da shi a unguwa, ni kuma ni ne wanda ake kawo ƙararsa. Tun yana ƙarami ya yi fama da ciwon maƙogwaro da na gaɓoɓi, aka ɗauka ya wuce, ashe zuciya abin ya sauka. A shekarar nan ƙafafunsa sun kumbura, in ka latsa da yatsa sai ramin ya zauna yana kallonka. Daga zaure zuwa bakin rijiya sai ya huta sau biyu. Ba ya iya kwanciya a miƙe, sai an jingina shi da buhun gero. Inna takan raba masa tasa miyar kafin ta sa gishiri. Tunda noma ya gagara, sai ya koma ɗinkin hula a zaure, yana tsokanar duk wanda ya gitta.

Babanmu kiwon raguna yake yi. Yakan je kasuwar Tsafe ya zaɓo ramammu, ya ɗaure su wata da watanni, a sayar gab da layya. Ni nake riƙe masa igiya, don haka na san yadda ake duba dabba. A buɗe baki a ga haƙori. A ja fatar ido a ga ko akwai jini. A matsa gadon baya, a tallafi ƙirji a ji nauyi, a saurara ko yana tari. In ya zo gida a ware shi, a hana shi yawo, a dinga tura masa dusa da harawa da kanwa. Rago ya ga ana shafa shi ana yi masa magana mai daɗi, ya ɗauka sonsa ake yi.

A cikin ragunan shekarar akwai wani ƙaton balami, fari sol, tsayinsa ya kai ƙuguna har ya wuce. Wata rana da Baba ya tafi jana'iza Bunguɗu, sai na ga ai wannan ba rago ba ne, doki ne da bai samu mahayi ba. Na hau. Ya yi taku uku cikin mutunci, a na huɗu ya haɗa ni da turke. Washegari gwiwata ta zama kabewa. Da Inna ta tambaya, na ce haka kawai na tashi na gan ta, don na san abin da zai biyo baya in Baba ya ji an hau masa balami. A makon kuma ina fama da maƙogwaro, kamar rabin yaran garin. Na ga Inna ta tsaya da ludayi a hannu, sannan ta aika a kira ƙanenta. Ban kawo komai a raina ba.

Kawun nan nawa malamin asibiti ne a Tsafe. Allura yake yi da wankin gyambo, amma in ya fara bayani sai ka rantse shi ya koya wa likitoci aiki. Ya iso a kan babur ɗinsa, ya matsa mini gwiwa, ya leƙa bakina, ya ce in je in yi wasa. Bayan la'asar suka zauna da Baba a gindin darbejiya. Ni kuwa ina bayan zana wai ina saran harawa, kunnena na manne da kara.

"Wai ita zuciyar babban yaron nan," in ji Baba, "ba a gyara ta?"

"Ƙofofinta sunka lalace, Malam. Ƙwayoyin da shika sha ruwan jiki kawai suka ragewa. Can ƙasashen Turawa kam, in ta gaji gaba ɗaya, hidda ta suka yi su sa wata."

"Ta mi? Ta rago?"

"Ta mutum."

"Subhanallahi. Wane ne za ya ba da tashi?"

"Ba mai badawa yana tahiya da ƙahwahunai. Galibi wanda ya yi hatsari ne, kai ya mutu, ita kuwa tana bugawa."

Sai ɗan kasuwar da ke cikin Baba ya motsa. "To ƙaƙa suka gane mai kyau? Ai ba a buɗe ƙirji a duba kamar baki."

Nan Kawu ya gyara zama, don an taɓo inda yake so. Ya ce da farko sai jini ya zo iri ɗaya, in ba haka ba jiki zai tasam mata kamar an shigo da baƙon rago garke. Sai girman jiki ya yi kusa, don zuciyar ƙaramin mutum ba ta iya tura jinin ƙato. An fi son ta matashi, wadda ba ta sha wahala ba. A bincika ko mai ita yana shan taba ko giya. A auna jininsa kada a ɗauko wata cuta a haɗa wa mara lafiya da ita. A cikin ƙanƙara ake ɗaukar ta, kuma in ta wuce 'yan awoyi a waje ta tashi daga aiki. Ya ce duk da wannan, jiki na iya ƙin ta daga baya, shi ya sa mutum zai yi ta shan magani har ƙarshen ransa, maganin kuma yana karya masa garkuwa, ƙaramar mura sai ta kwantar da shi.

"In anka sa ma mutum ta ɓarawo hwa?"

"Tsoka ce, Malam. Ba ta ɗauke da hali."

"Kai ka ce," in ji Baba. Can kuma ya ƙara, "Jinin 'yan'uwa yakan zo ɗaya?"

"Sau da yawa."

Na leƙa ta ɓular zana, na ga su biyun sun juyo suna kallon inda nake. Kawu ya rage murya, amma Allah ya yi mini kunnen zomo.

"Yaron ga nika son a kai Gusau a auna. Likitan da ya san zuciya ya yi tahiya, sai ƙarshen wata. Kahin nan a kula da shi sosai. Ban da gudu, ban da ƙwallo, ban da gona. A ba shi abinci mai kyau."

Adda ta suɓuce daga hannuna. Na zauna a kan harawa na yi lissafi. Matashi, ni ne. Jini ɗaya, ni ne. Ba taba ba giya, ni ne. Abu ɗaya ya rage, Yaya ya fi ni jiki. Ashe shi ya sa aka ce a ba ni abinci mai kyau.

Washegari aka fara. Inna, wadda in na wuce kusa da ƙwaryar nono take ɗaga muciya, ita ce ta miƙo mini kindirmo har da sukari. Rana ta biyu ƙwai. Ranar kasuwa Baba ya dawo da hanta a ƙunshe cikin takarda, ya ce a gasa wa auta. Ni! Mutumin da tun da aka haife ni bai taɓa kirana da komai ba sai "kai yaro". Aka hana ni ɗebo ruwa, aka hana ni bin abokai rafi. Da safe Baba zai tsaya a kaina ya ja mini fatar ido, ya ce, "Buɗe baki in gani." Wata rana har ya tallafe ni ta hammata ya ɗaga, ya ajiye, ya gyaɗa kai. Wallahi irin gyaɗa kan da yake yi wa balami ne.

Na yanke shawarar ramewa. Na fara zuba wa kyanwar gidanmu nonon a ɓoye, cikin mako guda ta daina kama ɓera, tana tafiya kamar matar attajiri. Amma hanta ta fi ƙarfina. Nakan ce yau ba zan ci ba, in ƙura mata ido, ita ma ta ƙura mini, kafin azahar an gama shari'a. Sai na ci ina hawaye. Inna ta gani ta ce, "Wayyo, maƙoshin ne har yanzu?" ta ƙaro mini wata.

Abin da ya fi cina shi ne na kasa ganin laifinsu. In ni ne Baba, aka jera mini 'ya'ya biyu aka ce ɗaya zai rage, na san wanda zan zaɓa. Ɗaya ya sauke Alƙur'ani, ɗaya an kore shi daga gonar mangwaron mutane sau shida a bazara guda. Ko ni ba zan zaɓi kaina ba.

Na fara sa wa kowa ido. In Inna da Baba suna magana na shigo suka yi shiru, na ƙara hujja. Mahaucin unguwarmu ya gaishe ni da fara'a, na daina bi ta ƙofarsa. Yaya kaɗai na kasa ganewa. Yana nan a zaure da allurarsa da zare, in na wuce ya ce, "Ango, ina za a je da wanga tumbi?" Sai in ce a raina, ji shi, har ya fara duba kayansa.

Da ramewa ta gagara, aka kuma sa ranar Talata za a kai ni Gusau, sai na tuna da maganar taba. Abin da ya faru a gonar dawa na riga na faɗa. Na fito ina layi, na dafa ƙirji, na ji banzar tana bugawa lafiya lau kamar ba a yi komai ba.

Ranar Talata Baba ya bi motar haya da sassafe, ni kuma Kawu ya ce in hau bayansa a babur. Nan maganar hatsari ta faɗo mini. Kai ya mutu, zuciya na bugawa! Na ce ni ma mota zan bi, aka ce ta tafi. Na naɗe kaina da tsohon rawanin Baba har sau bakwai, na hau, na rungume Kawu ta ciki na sarƙe yatsuna. Dabarata ita ce in zai yar da ni, sai dai mu tafi tare.

"Kai, sake ni in yi numfashi!"

"Kawu, a hankali, ga rami can."

"Na gani."

"Ga tirela."

"Tirelar tana Gusau, mu muna nan! Mi ka damunka yau?"

Haka muka yi ta yi har muka shiga gari. Ya sauka yana shafa haƙarƙari, ya ce wa Baba yaron nan ƙarfinsa ya fi na mara lafiya.

Likitan wani siriri ne mai tabarau, Hausarsa irin ta Kano. Ya sa na hau sikeli, ya rubuta. Ya ja fatar idona. Ya ce in buɗe baki. Ya ƙwanƙwasa mini baya, ya ce in yi tari. Babu abin da ya yi wanda ban taɓa gani ba a kasuwar Tsafe, igiya ce kawai babu. Aka ɗebi jinina a ɗan kwalba aka tafi da shi. Sannan ya fara tambaya, ni kuwa na zo da shirina. Shekara nawa ina kallon Yaya, na haddace ciwonsa fiye da karatun allo.

"Kana haki idan ka yi tafiya?"

"Sosai, likita. Daga zaure zuwa rijiya sai na huta sau biyu."

"Kana iya kwanciya a miƙe?"

"Sai an jingina ni da buhu."

Baba ya juyo ya dube ni. "Tun yaushe?"

"Ɓoyewa nike yi, Baba."

"Gwiwar nan, faɗuwa ka yi?" in ji likita.

"Haka kawai ta kumbura. Ɗayar ma tana shirin yi." Da na ga bai tambayi babbar hujjata ba, sai na kawo ta da kaina. "Kuma ina shan taba."

Na ji idon Baba a ƙeyata kamar garwashi.

"Kara nawa?"

"Biyu."

"A rana?"

"Lokaci guda."

Likita ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ɗora mini abin sauraronsa a ƙirji, ya daɗe yana matsar da shi nan da can. Tsoro ya sa zuciyata tana gudu kamar an saki kare a bayanta. Muka jira har azahar sakamakon jini ya fito. Suka koma Turanci shi da Kawu, suna girgiza kai, ni ina tsintar kalma ɗaya a cikin goma. A ƙarshe ya dubi Baba ya ce, "Malam, ban ji irin ƙarar da ke ƙirjin yayansa ba. Amma da abin da jinin ya nuna da abin da yaron ya faɗa, hankalina bai kwanta da zuciyar nan ba."

Saura kaɗan in yi guɗa. An duba rago an ce yana da aibi! Ko da aka kai ni wani ɗaki aka danna mini wata allura a ɗuwawu, fara, mai kauri kamar koko, wadda ta sa na kira sunan kakannina har na bakwai, na ɗauka kuɗin fansa ne, na biya da daɗin rai.

Da na fito ina ɗingishi, na tarar da Baba zaune a benci, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ban taɓa ganin kansa a waje ba hula ba. Na ce a raina, ka gani, kiwon wata guda ya tashi a banza. Amma murnata ta ragu, don sai a lokacin na tuna cewa in tawa ba ta yi ba, Yaya ba shi da wata. Muka biya Sabon Gari aka saya wa Yaya ƙwayoyinsa.

Na same shi a zaure, rana ta yi sanyi, yana ƙarasa bakin wata hula. Na zauna a kan ɗuwawu ɗaya, don ɗayan ba ya taɓuwa.

"Yaya, ka yi haƙuri."

"Mi ka sata?"

"Likita ya ce tawa ma ba ta da kyau. Sai dai ku nemi wata."

"Wata mi?"

"Zuciya mana. Na san komi. Na ji ku Kawu ranar nan." Sai hawaye suka zo, na ci gaba da zuba. "Ba don ban son ka ba ne. Tsoro nika ji. Da ƙoda ce, tunda biyu ce, wallahi da na ba ka."

Ya ajiye hular. Ya dube ni ya daɗe. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, ta juye tari, tarin ya ƙi tsayawa har leɓensa ya canja launi. Inna ta fito da gudu da ruwa, Baba da Kawu suka biyo ta. Da ya samu numfashi ya nuna ni da yatsa.

"Wai zuciyatai za ku hidda ku sa min. Shi ya sa kuka ba shi hanta." Ya sake haki. "Kai, ɗan banza, ko kyauta anka ba ni taka ina zan kai ta? In tashi da sahe in ji ina son hawan mangwaron mutane?"

Kawu ya riƙe baki. "Mu? A nan? Mu da in anka ɗauke wuta ko ruwan sanyi ba mu da shi a asibiti? Hira ce muka yi, sakarai! Gwiwarka da maƙoshinka sunka tada muna hankali. Haka na yayanka ya hwara, ba mu sani ba sai da ya ci ƙofofin. Allurar nan tsare ka za ta yi."

Ban yarda nan take ba. Na ce to don me aka auna nauyina? Ya ce don a san yawan maganin. Jinin fa? Don a ga ko ƙwayar cutar maƙogwaro ta bi ta jikina. Hantar fa? Inna ta ce, "Don ina uwarka," ta juya ta shige ciki tana share ido da bakin zane.

Da na ga ashe ƙaryata ce ta ja mini allura, kuma wai duk wata za a dinga yi, sai na kwance komai. Na ce ba na haki, ina barci a miƙe kamar gawa, gwiwa kuma balami ne ya kayar da ni. Na rufe ido ina jiran mari.

Marin bai zo ba. Baba ya ce, a hankali, "Wata guda kana cin abinci a hannuna kana kallona mahauci." Ya sa takalmi ya fita wajen ragunansa. Kwana uku bai kira ni ba, ko da "kai yaro". Da ya zane ni da ya fi mini sauƙi.

Kawu kuwa cewa ya yi duk yaron da ya ɗanɗani allurar nan zai rantse da komai don kada a sake. Ya ce da safe na ce ina haki, da yamma na ce ba na yi, to wanne za a ɗauka? Shi dai wanda ya fi hatsari zai ɗauka. Na ce a tambayi balami. Yaya ya ce an tambaye shi, ya ce bai san ni ba.

Haka Kawu ya dinga zuwa daga Tsafe duk wata da allurarsa a jaka, ni kuma ina jin ƙarar babur sai in haye rumbu, a sauko da ni. Shekara biyu ana yi. Daga baya ya kai ni Zariya, aka shafa mini wani mai a ƙirji, aka nuna zuciyata a allon na'ura tana buɗewa tana rufewa. Likitan can ya ce ƙofofin duka lafiyarsu ƙalau, a daina allurar.

Yaya bai ji wannan labarin ba. Ya rasu da kakar shekarar da ta biyo bayan zuwanmu Gusau, ranar wata Laraba da hantsi, a zaune a zaure.